Taku Biyu Kafin Katanga

Mu mazan garin Celje akwai abu biyu da ba ma yarda a ce ba mu iya ba: gasa nama da shigar da tirela da baya. Ka ce wa mutum bai iya renon 'ya'yansa ba, sai ya yi dariya ya ce ai uwarsu na nan. Amma ka kuskura ka ce masa ya cika murza sitiyari a ribas, to ka sayi gabar shekara goma. Vinko Podlesnik namu ne ciki da bai, sai dai nasa ciwon ya ɗara na kowa, domin shekara talatin da takwas ya yi yana sassaƙar ƙarfe a masana'anta, inda kuskuren kaurin gashi ɗaya ke sa a zubar da aikin yini guda. Mutumin da ya rayu a kan haka, ga shi wata tsohuwar tirelar kwana mai taya biyu, irin tafi-da-gidanka ɗin nan, tana mai da shi abin dariya duk shekara.

Duk Asabar ta biyu a watan Yuli, shi da matarsa Zdenka sukan ɗaura tirelar a bayan mota su gangara yankin Istra, zuwa zangon hutun da suka saba sauka a bakin teku, fili mai lamba arba'in da bakwai. Filin na da inuwar zaitun, ga famfo a kusa. Aibinsa ɗaya ne: ba a shigarsa sai da baya, ta tsakanin zaitun ɗin da turken lantarki, kuma a ƙarshensa akwai katangar dutse mai kai wa ƙugu. In tirela ba ta matsa jikin katangar sosai ba, ƙarfen hancinta yakan tokare hanyar da mutane ke bi zuwa ruwa.

'Yan layin duk tsofaffin hannu ne, sun fi shekara ashirin suna haɗuwa a nan, kuma suna da al'ada. Ranar isowa, wanda ya riga ya kafa tasa yakan fito da kujerar naɗi da kwalbar giya mai sanyi ya zauna kallon masu zuwa. Lojze, wani tsohon ɗan kwana-kwana mai ƙaton ciki, shi ne alƙali. Da yatsu yake ƙirga sau nawa mutum ya ja gaba ya sake gwadawa, wanda kuwa ya fi kowa yawa shi zai riƙa kankare ragar gashin naman layin har hutu ya ƙare. Shekara uku a jere Vinko ne ke kankarewa. Bara sau goma sha ɗaya ya gwada, yatsun Lojze suka ƙare har sai da ya ari ɗaya daga na matarsa.

Vinko ya shafe lokacin sanyi yana binciken inda matsalar take, kuma da yake laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na Zdenka. Ita ce ke tsayawa a baya tana ba shi hannu, shi kuma abin da yake gani a madubi daga gwiwar hannunta ne zuwa yatsu. Ta ce hagu, ya ce hagun wa, nasa ko nata ko na tirela? Ta ce na wanda ya ga dama. Haka suke yi a gaban jama'a tun Mojca 'yarsu tana goye, ga shi yanzu Mojca na da nata 'ya'yan. Saboda haka a watan Mayu ya dawo gida da ɗan kwali a hammata: kyamara kamar ƙwan tattabara, ɗan allo da za a manna a gaban direba, da waya mita goma sha biyar a nannaɗe.

Ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya shige ƙarƙashin tirelar tun da hantsi. Zdenka ta kawo kujera bakin ƙofar kicin tana ferar dankali, ƙafafunsa kawai take gani.

Takardar da ta zo da kayan ta ce a haɗa jar waya da fitilar ribas, yadda kyamara za ta kunna da kanta in an sa giya ta baya. Vinko ya kwance murfin fitilar hagu, bai ga ta ribas ba. Ya kwance na dama, babu. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya tun daga fulogin da ke haɗa mota da tirela har zuwa ƙarshe, yana gwadawa da ɗan ƙwan fitila, yana zagin wanda ya ƙera ta da wanda ya sayar masa. Rana ta take, bayansa ya ƙage.

"Me kake nema ne, tsoho?" in ji Zdenka.

"Fitilar ribas."

"Ai ba ta da ita."

Ya turo kai daga ƙarƙashi, baƙin mai a goshinsa. "Wa ya gaya miki?"

"Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a bayanta. Ban taɓa ganin farar fitila ta kama ba."

"To me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

"Ka tambaye ni?"

Ya koma ƙarƙashi. Gaskiyarta ce, tsohon fulogi mai haƙori bakwai ba shi da wayar ribas, abin da ko ɗan koyo ya sani. Sai ya haɗa jar wayar da ƙananan fitilun baya, wato muddin fitila na kunne kyamara na kunne. Takardar ta kuma ce a kafa kyamarar can sama kusa da rufi. Vinko ya ce ba za a huda masa rufi ruwa ya riƙa ɗiga a kan matashinsa ba, ya kafa ta ƙasa, daidai saman lambar tirelar. Ya ɗaure sukurun har ya tsaya, ya ƙara masa 'yar murɗa kaɗan don ya tabbata, ƙafar robar kyamarar ta ce tas ta tsage. Ya waiga ya ga ko Zdenka ta ji. Kanta na ƙasa tana fira, amma kafaɗunta na motsi. Ya liƙe wurin da gam ya rufe da baƙin salatef.

Da ya kunna allon karon farko, sai ga Zdenka a rataye kai ƙasa kamar jemage, da kwanon dankalinta. Ya kwance ya juya kyamarar, duniya ta daidaita. A kan allon akwai layi uku, kore da rawaya da ja. Nan fa tsohon masassaƙin ƙarfe ya farka. Ya ɗauko tukunyar furen Zdenka da tef ɗin awo, ya yi ta matsar da ita yana komawa mota yana dubawa, har sai da ya saita jan layin yadda yake so: in ya taɓa abu, saura faɗin tafin hannu ɗaya, ba ƙari ba ragi.

"Bana ba sai kin sauka ba," ya ce yana goge hannu da tsumma. "Ki yi zamanki a mota kamar matar minista. Gani ya kori ji."

"To madalla," in ji ta. "Ni ma gwiwoyina sa huta."

Ta faɗa ne a hankali, ta ajiye wuƙar ta shige ciki da kwanon, ga sauran dankali uku ba a fere ba. Vinko ya lura, har ya ji wani abu ya ɗan soke shi. Amma ya ce a ransa in ya shiga da tirela tashi ɗaya a gaban Lojze, kowa zai huce.

Ranar tafiya suka kama hanya da fitila a kunne kamar yadda doka ta ce, don haka allon ma a kunne yake. A nan Vinko ya ga abin da tirela ta rufa masa asiri a kai shekara da shekaru. Shi dai a saninsa hanyar Istra hanya ce mai natsuwa, gabansa kullum fayau. Ashe duk mutanen ƙasar a bayansa suke. Motoci ne jere har iyakar ganin kyamara, na farkonsu wani saurayi mai jar mota yana dukan sitiyari da tafin hannu, bakinsa na motsi. Ko ba sauti Vinko ya gane kalmomin, ya kuma gane har da mahaifiyarsa a ciki.

"Dama haka suke yi?" ya tambaya.

"Duk shekara," in ji Zdenka, tana yanka burodi a cinya. "Ni nakan gan su in mun sha kwana."

Ya ɗora hularsa a kan allon har suka isa.

Ƙarfe biyu da rabi suka shiga zangon, rana tsaka, gyare na ta kuka a cikin itatuwa. Kujeru bakwai ne a jere a ƙarƙashin zaitun. Lojze ya ɗaga kwalba daga nesa.

"Ga maƙwabci, ga maƙwabci! Vinko, mun ajiye maka buroshinka na kankare raga. Matata Pepca har safar hannu ta saya maka sabuwa, mai fure."

"Ajiye abinka, za ka buƙace ta," in ji Vinko ta taga. "Wa ke kan gaba?"

"Stane, sau huɗu. Amma kar ka damu, ba mu fid da rai da kai ba." Ya leƙa cikin motar. "Zdenka, sannu da hanya. Ba za ki sauko ki kama aikinki ba?"

"An sallame ni," in ji ta. "An ɗauki sabuwa."

Lojze ya zagaya baya, ya durƙusa da ƙyar ya ƙura wa kyamarar ido. Vinko ya cire hula daga kan allon, sai ga hancin Lojze ya cika shi fal.

"Jama'a ku zo ku gani," muryarsa ta taso daga baya. "Ya yi wa tsohuwar tirelar ido a ɗuwawu!"

Aka kwashe da dariya. Vinko ya bar su suka gama, ya jira Lojze ya koma kujerarsa ya ɗaga babban yatsa alamar gwaji na ɗaya. Ya goge tafin hannunsa a wando, ya sa ribas.

Abin da ya faru daga nan, wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Tirelar ta bi hannunsa kamar ta san shi. Ga zaitun a gefe ɗaya na allon, ga turken lantarki a ɗaya gefen, ga tsakiya a buɗe, ba hagun kowa sai wanda ido ya gani. Ya ɗan karya sitiyari, ya mayar, ta shige tsakaninsu ko ganye ba ta taɓa ba. Dariya ta ɗauke a ƙarƙashin zaitun. Stane, da ya riga ya fara murnar samun magaji, ya sauke kwalbarsa ƙasa. Vinko ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki har maƙogwaro, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka haifi Mojca. Ya saci kallon Zdenka don ya ga ko tana gani. Hannuwanta na kan jaka a cinya, idonta na kan teku.

Katanga ta bayyana a allon. A kan wani dutse akwai ƙadangare yana shan rana. Koren layi ya wuce gindin katangar. Rawaya ya wuce. Ƙadangaren na ta girma, har Vinko na ganin maƙoshinsa na bugawa. Ja ya taɓa dutse.

Kansa ya san nan ne wurin tsayawa, ai shi ya auna da hannunsa. Amma ƙafarsa ba ta halarci awon ba. Abin da ta sani shi ne, shekara da shekaru in an ce tsaya akwai sauran wuri, kuma rabonta da shan kunya an daɗe. Ta ɗan sassauta birki, kaɗan kawai, don a matsa sosai.

Ƙarar ba ta yi yawa ba, kamar an taka kofin roba. Allon ya yi shuɗi. Sannan aka ji gilashin fitilar hagu yana zuba a kan duwatsu.

Lojze ya dubi babban yatsansa da ke tsaye shi kaɗai, ya dubi jama'a, ya yi gyaran murya.

"Taɓa katanga goma ne, dokar tun zamanin da. Da wannan ɗaya, sha ɗaya." Ya girgiza kai cikin jimami na ƙarya. "Maƙwabci, ka riƙe kambunka."

Vinko ya fito ya zagaya baya. Kyamarar ta baje a jikin dutse, wayarta na reto da guntun salatef. Garin neman gira an rasa ido, har da fitila. Ya tsaya yana kallo, kunnuwansa na zafi, yana neman wanda zai ɗora wa laifi, ya rasa. Zdenka ba ta ko buɗe baki ba, kyamara kuwa gaskiya ta gaya masa.

"Ban gane ba," ya ce, shi da kansa yake magana. "Kullum akwai sauran wuri."

Pepca matar Lojze, wata 'yar siririya mai murya kamar ƙararrawa, ta taso da tsintsiya don kwashe gilashin.

"Sauran wuri? Ai Zdenka ce ke ajiye maka shi, ɗan'uwa."

"Pepca, kama bakinki," in ji Zdenka, da ta fito daga mota ta tsaya jikin ƙofa.

"A'a, bar ni, yau dai a fasa ƙwai. Vinko, kai a zatonka in ta ce tsaya, a bakin katanga kake? Saura taku biyu take faɗa. Ta san sai ka ƙara."

"Taku biyu?"

"Cur. Duk matan layin nan kowace ta san awon nata. Nawa taku ɗaya ne. Na Majda rabin taku, don mijinta Stane matsoraci ne. Kai ne dai babban yaya."

Murmushin Lojze ya ɗauke. "Wane taku ɗaya kuma? Ni?"

"Zauna, alƙali, kar ka faɗi."

Mazan da ke kan kujeru suka shiga kallon matansu, matan kuma suka shiga kallon kwalabe da faratansu. Mai ba ku labarin nan ma ya tambayi tasa daga baya, kuma amsar da ya samu ba ta shafi kowa ba.

Vinko ya juya ya dubi Zdenka. "Gaskiya ne?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Shekarar farko na gaya maka daidai, ka fasa famfon mutane. Ta biyu na rage taku ɗaya, ka ture shanyar wata Bajamushiya. Daga ta uku na gano awonka."

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Da na faɗa, da ka mai da shi uku."

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Kunya ta rufe shi, ta ragar nama ba komai ba ce a kanta. Shi da yake taƙama da awo, ashe shi ne ƙarfen da ake aunawa, kuma wadda ta auna shi ba ta taɓa kuskure ba, ba ta kuma taɓa neman a yaba mata ba. Duk ihun da yake mata a gaban mutane, tana tsaye tsakanin tirela da dutse da waɗannan gwiwoyin nata, tana lissafin taurin kansa don kar ya ji kunya. Shi kuma ya tashi ya musanya ta da ƙwan tattabara mai waya. Ya so ya ce wani abu, amma mutum goma sha huɗu na kallo, kuma mu ba a koya mana irin wannan magana ba.

"Tirelar ta karkace," ya ce a maimakon haka, murya ƙasa-ƙasa. "Sai an ja gaba an sake. In gwiwoyinki za su iya."

Ta miƙa wa Pepca jakarta, ta zagaya baya.

Ya ja gaba. Lojze bai ɗaga yatsa ba, yana can yana yi wa Pepca tambayoyi ƙasa-ƙasa. Vinko ya juya allon ya kifa shi, ya dubi madubi. Ga hannun nan daga gwiwa zuwa yatsu, da agogonta mai jan maɗauri, yana kiransa a hankali. Ta ce hagu, bai tambayi na wa ba, ya bi inda yatsun suka nuna. Zaitun ya wuce. Turke ya wuce.

"Tsaya!"

Ya taka birki nan take, har motar ta yi tsalle, tukwane suka yi ƙara a cikin tirela. Ya ja birkin hannu ya kashe inji.

Hannun ya tsaya a madubi, a sama, kamar yana jiran wani abu. Can ya sauka. Zdenka ta taho tana ɗingishi kaɗan, ta tsallake ƙarfen hancin tirelar da ya tokare rabin hanyar zuwa ruwa, ta sunkuyo ta tagarsa.

"Me ya tsayar da kai?"

"Ke kika ce in tsaya."

"Saura taku biyu, tsoho! Ka toshe wa mutane hanya."

"Na sani."

"To ƙara mana."

"Na daina ƙari," in ji Vinko, idonsa na kan sitiyari. "Inda kika ce, nan ne."

Ta dubi ƙarfen da ke kwance a hanya, ta dubi wata mata da ke ƙoƙarin tsallake shi da laima da jakar wanka tana gunaguni, ta dawo da idonta kansa. Dariya ta so ta yi, sai idanunta suka kawo ruwa, ta sa bayan hannu ta goge da sauri kafin Pepca ta gani.

"Shekara talatin da ɗaya ina jiran ka ji maganata," ta ce. "Ka rasa ranar da za ka fara sai a lokacin da nake maka ƙarya."

"To gaya min gaskiyar. Zan ji."

Ta tsaya riƙe da bakin tagar, tana dubansa kamar mai duba kankana a kasuwa.

"Tada motar," ta ce. "Amma ka sani wannan karon ba na rage maka komai, kuma ni ce a gaban katangar."